Amsa: Na iya Turanci, ta ina zan fara furucin Italiyanci?

Ɗan'uwa, ka ce kana karanta Italiyanci da bakin Turanci, kuma ba a gane ka. Shawarata ita ce ka ajiye Turancin gefe, ka jingina da Hausarka, domin ita ta fi kusa.

Wasulansu a rubuce biyar ne kamar namu, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Kada ka haɗiye wasalin ƙarshe: grazie "giratsiye" ce, har da "e" ɗin.

Inda masu Turanci suka fi shan wuya, mu nan muke da sa'a, wato baƙi mai ninki. Yadda ka bambanta "baba" da "babba", haka za ka bambanta nono, na tara, da nonno, kaka namiji, ko sete, ƙishirwa, da sette, bakwai. Harafin "r" ma kaɗa shi ake yi, kamar na "biyar".

Tarkon yana kan "c" da "g". Gaban "e" ko "i", "c" tamu ce ta "ci", "g" kuma ta koma "j". Da an saka "h" sai su zama "k" da "g": chiave "kiyave" take, ba "ciyave" ba. "Gn" kuwa "ny" ce, kamar a bagno.

Ka kula da "p" da "v", kada su zame maka "f" da "b". Sai nauyin gaɓa, wato gaɓar da ake ƙarfafawa a kalma: papa Fafaroma ne, papà uba.

Saurari rediyon Rai, na gwamnatin Italiya, kana maimaitawa, ka naɗi muryarka. Amma sautin "gli" na famiglia, gaskiya sai malami ya ji bakinka ya gyara, musamman in jarrabawar CILS, ta shaidar iya Italiyanci, kake nufin yi.