Tallafin farashi: mai gona ke ɗauka ko mai noma?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗan tireda ne a Garwa, na ɗan tara kuɗi ina so in kama hayar gona wajen Ngong in sa auduga. Ƙanena da ke Amurka ya ce can in farashi ya faɗi gwamnati ke cika wa manomi, nan ma haka ne? Sannan mai gonar ya ce in bari komai ya tafi da sunansa tunda shi ke cikin GIC, wato ƙungiyar manoma. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maka zancen ba. A Amurka dokar noma ta 2014 ta yanka wa masara dala 3.70 kowane bushel (mudun awonsu ke nan), in farashin shekara ya sauka ƙasa da haka gwamnati ta cika. To amma ba buhunan da ka girbe bana ake ƙirgawa ba, faɗin gonar da ke rubuce a rajista tun shekarun baya ake dubawa, shi ya sa manyan gonaki ke kwashe kaso mafi tsoka, har mai fili da ke zaune a birni yana samu in dai raba amfani suke yi da mai noman, shi kuwa mai lambun tumatir da albasa ko sisi. Dokar ta 2014 ta tsayar da iyakar tallafin a dala 125,000 kan mutum ɗaya, amma iyali guda sai su shigar da mutum uku huɗu. Irin wannan tallafin ne fa, wanda ake ba manoman auduga, maƙwabciyarmu Chadi da Benin da Mali da Burkina Faso suka kai kukansa gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2003, don yana karya farashin audugarmu.

Nan gida Kamaru ba wanda zai turo maka ciko a banki. Abin da ke akwai, kamfanin auduga na Sodecoton na faɗin farashin kilo tun kafin a sayi auduga, ta ba da iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiya, ranar biya a zare bashin a miƙa saura. Wa ake miƙa wa? Wanda sunansa ke littafi.

Don haka a'a, kar ka yarda. Kai ka biya 'yan ƙodago, kai ka sha rana wajen tsinka, amma in an ɗora dami kan sikeli sunansa za a rubuta, kuma in yana da tsohon bashin taki daga cikin audugarka za a cire. Ba na ce mutumin mugu ba ne, watakila ma sauƙi yake nema maka, sai dai kuɗi in sun shiga aljihun wani fitowarsu aiki ne.

Je ka ga shugaban GIC ɗin da kanka ka nemi shiga. Ka sani suna lamunin juna, in ɗaya ya kasa biya sauran ke ɗauka, saboda haka za su yi maka kallon baƙo, kai ma ka bincika su waye za ka haɗa wuya da su. Hayar kuma a rubuta ta gaban jauro (mai gari) da shaidu, a faɗi damina nawa, don kar ka zuba taki baɗi a ce maka ɗan mai gona ya dawo. In sun ƙi karɓarka bana, sa masara ko gyaɗa a kar biyu (rabin hekta) tukuna, waɗannan kai ke kai su kasuwa da hannunka.