A Tudun Wada aka haife ni, me ya sa har yanzu ake ce mini baƙo?

Tambaya: Malam, assalamu alaikum. A Tudun Wadar Kaduna aka haife ni, nan na yi karatu, nan na yi aure, nan aka binne mahaifina. Shi kuwa daga ƙasar Katsina aikin masaƙa ya kawo shi. Kwanan baya na je neman wa ɗana takardar shaidar asali, aka ce in koma garinmu. Tun ranar wani abu ya tokare mini ƙirji, har taron unguwa na daina zuwa. Ni ne na ɗauki abin da zafi, ko akwai bayaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ba ka ɗauki abin da zafi ba. A 1995 masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Roy Baumeister da Mark Leary, suka tattara hujjojin da ke nuna cewa son a ce "namu ne" buƙata ce ta asali a jikin mutum, kusa da yunwa da ƙishirwa. Wanda aka hana shi ita yakan shiga damuwa, ya ja jiki daga mutane, kamar dai yadda ka yi. Ba takarda kaɗai aka hana ka ba a ranar. An gaya maka ne, a garin da cibiyarka take, cewa zamanka na aro ne.

A doka kai ɗan ƙasa ne cikakke. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka wannan ta hanyar haihuwa, sashe na 42 kuma ya haramta a nuna maka bambanci saboda asali ko ƙabila ko addini. Sai dai shi wannan kundin ya kawo maganar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci, ga tsarin raba daidai a guraben aiki da karatu, ga ƙananan hukumomi da aka bar wa ikon ba da takardar. Ta wannan ɓaraka ce ake fitar da mutum irinka. Ni dai a ganina zalunci ne, musamman a Kaduna. Garin nan Gwamna Lugga na Turawan mulkin mallaka ne ya mayar da shi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, a yankin da Gbagyi ke zaune, sannan bariki da jirgin ƙasa da ofisoshin gwamnati suka jawo mutane daga ko'ina. Masaƙun Kakuri, da suka fara a 1957, sun ƙara kawo dubbai irin mahaifinka. In aka bi salsala, gidajen da kakansu bai zo daga wani wuri ba kaɗan ne.

To me ya sa wanda ke zaune a bayan tebur yake jin daɗin cewa "ku koma garinku"? A farkon shekarun 1970 wani masanin halayyar ɗan Adam, Henri Tajfel, ya raba wasu 'yan makaranta a Ingila gida biyu bisa dalili marar tushe, wato wane mai zane ya fi burge su. Da aka ba su maki su raba, kowa ya fifita 'yan ɓangarensa, ko da bai san su waye ba. Layi kawai ake buƙatar ja, zuciya ta ƙarasa sauran. Ina ga an ɗora guraben karatu da aikin gwamnati a kan layin? Mu a nan mun ga inda abin ke kaiwa. Bayan rikicin addini na 2000 da na 2002 mutane suka kwashe kayansu, kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, yaron Rigasa ya girma bai taɓa cin abinci a gidan wani a Sabon Tasha ba.

Akwai binciken da aka yi a nan cikin garinmu da nake so ka sani. Masu binciken, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun sa samari Musulmi da Kirista koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a ajin 'yan addini ɗaya, suka fitar da sakamakon a 2018. Abin da samarin ke faɗa game da juna bai canza ba. Amma da aka zo rabon kuɗi, 'yan ajin gauraye sun fi yi wa na ɗaya ɓangaren adalci, su kuwa waɗanda aka ware da nasu kaɗai sai fifita nasu ya ƙaru. Wannan na ƙarshen ne ya fi tsorata ni. Keɓewa ba ta barin mutum yadda ta same shi, ƙara masa tsatsa take yi.

Shi ya sa daina zuwa taron unguwa ne ya fi damuna a wasiƙarka. Mai takarda ya yanke hukunci a kan fayil, kai kuma kana neman zartar da shi a kan rayuwarka. Mutum yakan ji shi ɗan wuri ne idan an san fuskarsa, ana jin maganarsa, kuma in bai zo ba a tambaya ina wane. Wannan a layinku ake samunsa: karo-karon gyaran taransifoma, yashe kwata kafin damina, kuɗin 'yan sintiri, zaman makoki, ɗaukar gawa zuwa makabarta. Zumunci a ƙafa yake. Wanda ya shekara arba'in yana waɗannan, mai unguwa da limami sun fi kowane ma'aikaci sanin matsayinsa.

Ban ce ka haƙura da maganar takardar ba. Ka je wurin mai unguwa da dagaci su rubuta maka shaidar haihuwa da zama, ka haɗa da takardun makaranta da na haraji, ka koma ka nemi a ba ka dalilin ƙin a rubuce. Ka nemi kansilanku, shi da ya zo ƙofar gidanka neman ƙuri'a bai tambaye ka garin kakanka ba. Kuma na tabbata a Tudun Wada ba kai kaɗai ba ne, don haka ka kai maganar taron unguwar da ka ƙaurace wa, ku tafi a ƙungiyance.

Sai yaron. Yana kallon fuskarka. In ya tambaye ka su 'yan ina ne, ka gaya masa kakansa Bakatsine ne da ya zo ya yi wa Kaduna aiki har ƙarfinsa ya ƙare, shi kuma ɗan Kaduna ne. Ranar Juma'a ka kama hannunsa ku je ziyarar kabarin.