Tankin ruwan na'urar CPAP: me za a saya, me za a bari?

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun taru a kan abu guda, wato ɗan tankin ruwan da ke jikin na'urar CPAP, wadda masu fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci ke kwana da ita. Ga wanda bai san ta ba, na'ura ce mai hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci ko a fuska, don kada maƙogwaro ya rufe idan barci ya yi nauyi. Likita Colin Sullivan na Jami'ar Sydney a Ostareliya ne ya fito da wannan hanya a 1981. Iskar tana busar da hanci da maƙoshi, shi ya sa aka haɗa mata tankin ruwa da ɗan farantin ƙarfe mai ɗumama shi, iska ta bi ta kan ruwan ta kwaso danshi.

Tambaya: Maigidana ya fara amfani da na'urar wata 2 da suka wuce. Littafin da ya zo da ita ya ce a zuba ruwan da aka tace ta hanyar tururi. Dole ne sai shi? Ni dai ina tafasa ruwan famfo in bar shi ya huce in zuba. Wani kuma ya ce in sayi ruwan batirin mota, wai duk abu ɗaya ne.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, tafasawar da kike yi ba banza ba ce. Amma abu biyu ne a cikin ruwa da ya kamata ki raba su a ranki: ƙwayoyin cuta, da sinadaran ƙasa irin su kalsiyam da magnesiyam da ruwa ke kwasowa daga duwatsu. Tafasawa tana kashe na farko, na biyun kuwa ba ta kawar da su duka. Hasali ma idan ruwa ya tafasa wani sashe ya tafi a tururi, sinadaran da suka rage sai su ƙara yawa a ɗan ruwan da ya saura. Haka abin ke faruwa a cikin tankin kowane dare: ruwa ya tashi ya bi iska, sinadaran su zauna a ƙasa, a hankali su zama farin ƙanzo a kan farantin. Irin wanda kike gani a gindin butar shayi ne.

Ruwan tururi kuwa an tafasa shi, an kama tururin an sanyaya shi ya koma ruwa, an bar duk wani gishiri-gishiri a baya. Shi ya sa yawancin masu ƙera na'urar suka fi son sa. Tanki ya fi daɗewa, wanki ya fi sauƙi.

Idan ya yanke miki na kwana ɗaya ko biyu, kada maigida ya kwana babu na'ura saboda ruwa. Wannan shi ne kuskuren da na fi jin tsoro. Ki zuba ruwan sha mai tsabta, na kwalba ko wanda kika tafasa, da safe ki zubar da ragowar ki ɗauraye. Dare ɗaya na numfashi mai yankewa ya fi ɗan ƙanzo a tanki illa nesa ba kusa ba.

Ruwan batir kuwa ki bar shi inda kika gan shi. Ba don jikin mutum aka tanade shi ba, babu wanda ya damu da tsabtar jarkar da aka zuba shi, kuma a wuri guda ake ajiye shi da ruwan asid mai ƙona fata, kwalaben ma sukan yi kama. Haka nan ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda wasu ke tara wa suna cewa ai shi ma daga tururi ya fito: ya bi ta kan ƙura da fumfunar cikin injin kafin ya iso bokiti. Ki nemi wanda aka yi don amfanin asibiti ko na gida, a rufe. Idan samunsa yana wahala inda kike, akwai ƙaramar na'urar tace ruwa ta tururi da ake ajiyewa a gida, mai fitar da kusan lita 4 a cikin 'yan sa'o'i. Tankin ba ya cin fiye da mililita 300 zuwa 400, don haka tacewa ɗaya za ta kai ki kwanaki. Cikin duk abubuwan da ake tallatawa a gefen CPAP, wannan ce na fi ganin ta cancanci kuɗinta.

Tambaya: Na ga tallar wata na'ura a intanet, ana saka takunkumi da tiyo da tanki a ciki, a danna maɓalli, wai wata iskar gas da na'urar ke samarwa, mai suna ozon, ta kashe duk ƙwayoyin cuta ba tare da an taɓa ruwa da sabulu ba. Ni mutum ne mai yawan aiki. In saya?

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka.

A watan Fabrairun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan na'urori masu amfani da ozon ko hasken UV (wani haske da ido ba ya gani, mai kashe ƙwayoyin cuta) don tsabtace kayan CPAP. A lokacin ta ce ba ta ba su izinin wannan aiki ba, kuma ta sami ƙorafin mutanen da suka yi tari, ciwon kai, ƙaiƙayin hanci da wahalar numfashi bayan sun yi amfani da masu ozon. Dalilin a fili yake: kafin ozon ya kashe ƙwayar cuta sai ya kai yawan da shi kansa huhun mutum ba zai ɗauka ba, ragowarsa kuma na iya maƙalewa a cikin tiyo har zuwa lokacin kwanciya. Sai kuma a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa na CPAP da makamantansu saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rugurgujewa, kuma an bayyana cewa tsabtacewa da ozon na iya ƙara saurin lalacewar wannan soso.

Ko da a ce babu wata illa, ka tsaya ka yi tunani a kan abin da ke cikin tankin. Ƙanzo ne da yauƙi. A takunkumi kuma maiƙon fuska ne da gumi. Iska ko haske ba sa ɗauke datti daga inda yake, sai an sa hannu an cuɗa. Hasken ma ba ya shiga lungu da saƙo. Za ka biya kuɗi, kuma wankin na nan yana jiran ka.

Na san gajiyar da kake nufi, ba na raina ta. Mutumin da aka ce ya kwana da takunkumi a fuska kowane dare, a ƙara masa da wanke-wanke, dole ya nemi sauƙi. Amma aikin kullum bai kai minti 2 ba: ka ciro tankin da safe, ka zubar da ruwan da ya kwana, ka ɗauraye, ka bar shi a buɗe ya sha iska har dare. Ka haɗa shi da goge baki, bayan mako biyu hannunka ne zai riƙa yi da kansa.

Tambaya: Ni nake kula da na'urar mahaifinmu. Gindin tankin ya yi fari fat, kusa da robar murfin kuma akwai wani abu ja-ja mai santsi. Zai wanku, ko sabo zan saya?

Amsa: Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Abu biyu ka gani, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Farin shi ne ƙanzon da na yi bayani a sama. Ba shi da kyan gani, yana rage wa farantin ƙarfin ɗumama ruwa, yana kuma ba datti wurin maƙalewa, amma yana fita. Ruwan khal fari, wato binega, wanda tsaminsa ya kai kusan kashi 5 cikin 100, shi ke narkar da shi. Masu ƙerawa sun bambanta wajen ma'auni. ResMed, alal misali, ya ce ma'auni 1 na khal a cikin ma'auni 9 ko 10 na ruwa, gwargwadon samfurin. Ka duba littafin taku na'urar ka bi abin da ya ce. Ka cika tankin da haɗin, ka bar shi kamar minti 20 zuwa 30, ka goga da soso mai laushi ko tsohon buroshin haƙori mai tsabta, sannan ka ɗauraye sosai har warin ya tafi. Idan bai fita duka ba ka maimaita. Kada ka sa soson ƙarfe ko wuƙa, domin kowane ƙarce sabon gida ne ga ƙwayoyin cuta.

Mai santsin nan ja-ja shi ya fi damu na. Galibi ƙwayar bakteriya ce da ake kira Serratia marcescens, ita ce ke yin irin wannan launi a lungunan banɗaki. Ganin ta yana nuna cewa ruwa na kwana a tankin ana ƙara sabo a kan tsoho, kuma tankin ba ya samun bushewa. Ruwa mai ɗumi, a rufe, cikin duhu, babu abin da ƙwayoyin cuta ke so kamar wannan. Ka cire robar idan tana ciruwa, ka wanke ta daban da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka marar ƙamshi, ka bi duk lungu. Ka shanya a inuwa kan tawul mai tsabta, domin rana kai tsaye tana sa roba ta tsufa da wuri. Ka wanke tiyon da takunkumin ma a ranar, tunda hanya ɗaya iskar ke bi.

Amma tunda dattijo ne, ni a ganina ka sayi sabo kawai, ka fara da shi a kan tsari mai kyau: zubarwa da shanyawa kullum, wankin sabulu aƙalla sau ɗaya a mako, jiƙon khal idan fari ya fara bayyana. Dama shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza tanki kusan duk wata 6, ko kafin nan idan ya tsage, ya yi duhun da ba ya fita, farantin ya fara ramuka, ko yana yoyo. Idan kuma Baba yana tari, zazzaɓi ko ciwon ƙirji, wannan ya wuce maganar tanki, ku je wurin likitansa ku gaya masa abin da ka gani.

Bilic da sinadarin goge hannu mai barasa, kada su kusanci tankin. Suna cinye roba, kuma abin da ya maƙale cikin huhu zai ƙare. Kada a taɓa haɗa bilic da khal ko a ina ne, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba.

Tambaya: Zan iya ɗiga man ƙamshi ko man sanyin mura a cikin ruwan don in ji daɗin barci?

Amsa: A'a, Hajiya. Ruwa kaɗai ake zubawa. Mai yana lalata robar tanki da ta takunkumi, kuma abin da hanci zai ji daɗinsa na daƙiƙa biyu daban yake da abin da za a tura cikin huhu da ƙarfin iska har sa'o'i 7. Idan wari kike ji daga na'urar, alama ce ta wanki ko canjin matatar iska, kada ki rufe shi da turare.

Tambaya: Zan sayi sabon tanki. Akwai na kamfanin da ya ƙera na'urar, akwai kuma na wasu da ya fi araha, sun ce duk ɗaya ne. Wanne ya fi?

Amsa: Abu na farko, ɗan'uwa, ka ɗauki sunan samfurin na'urarka daidai yadda yake a rubuce a jikinta, domin ko a kamfani ɗaya tankin wannan samfuri ba ya shiga wancan. Bayan haka ni na fi karkata ga na asali. Tanki ba mazubin ruwa kawai ba ne, yana cikin hanyar da iska ke bi. Idan robar bakinsa ba ta kama daidai ba iska za ta riƙa fita ta gefe, ƙarfin da likita ya saita ya ragu, ka tashi da gajiya ba ka san dalili ba. Idan gindin bai zauna sosai a kan wurin ɗumama ba, danshin ba zai isa ba. Mafi muni shi ne yoyo zuwa cikin injin, wanda gyaransa ya ninka rarar da ka samu sau da yawa.

Inda aka ba ka zaɓi tsakanin mai buɗuwa gida biyu da wanda aka liƙe sai ɗan rami, ɗauki mai buɗuwa. Abin da hannu bai kai gare shi ba ba ya wankuwa. Wasu an rubuta a jikinsu cewa suna jure injin wanke kwanuka. Wanda ba a rubuta ba, kada a gwada. Idan da hali ka sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na bushewa.

Tambaya: Ina yawan tafiya. Sau biyu ina buɗe jaka in tarar na'urar ta jiƙe. Kuma da sanyi ruwa na taruwa a tiyo yana fantsamo mini a fuska cikin dare.

Amsa: Na farkon, ka zubar da ruwan ka tsane tankin kafin ka ɗaga na'urar daga inda take, ko da daga wannan ɗaki zuwa wancan ne. Kada kuma ka wuce layin da aka zana a jikin tankin wajen cikawa. Tunda tafiyar ta yi yawa, ka tambayi likitanka ko ƙaramar na'urar tafiya za ta dace da kai. Irin su AirMini ba su da tanki sam. Wani ɗan faifai ake sakawa kusa da takunkumi, ya kama danshin numfashin da ka fitar ya mayar maka, ana canza shi duk kwana 30. Danshinsa bai kai na tanki mai ɗumi ba, don haka mai saurin bushewar hanci ya gwada kafin ya dogara da shi.

Na biyun kuwa tururi ne ke haɗuwa da sanyin ɗaki a cikin tiyo ya koma ruwa. Ka ajiye na'urar ƙasa da tsayin kanka don ruwan ya gangara ya koma tanki, ka rage matakin danshi da ɗaya ka ga yadda za ta kaya, ka sa tiyon a ƙarƙashin bargo ko ka saya masa riga. Idan duk wannan bai yi ba, ka duba ko samfurinka yana karɓar tiyo mai ɗumama kansa. Shi ma da ruwan ɗumi da sabulu ake wanke shi, sai dai ka tabbatar bakin da ke haɗuwa da lantarki ya bushe ƙarau kafin ka mayar.