Tambaya da Amsa: Yaya Ake Shirya Takardar Neman Tallafin Binciken Haɗin Gwiwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ni malama ce a sashen kimiyyar tsirrai na wata babbar makarantar gwamnati a Jihar Filato, kuma a Jos nake zaune. Na daɗe ina bibiyar cutar nan da ke ƙona ganyen dankalin turawa da damina, wadda kan jefa manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi cikin asara. Bara na aika da taƙaitaccen bayanin bincike zuwa asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, amma bai tsallake matakin farko ba. Bana ina so in sake nema, tare da wani malamin tattalin arzikin noma da kuma wani injiniya daga kwalejin kimiyya da fasaha wanda ya san harkar ajiyar amfanin gona. Wasu abokan aikina sun ba ni shawarar in nemo babban farfesa in sa sunansa a kan gaba, ko da ba zai taka gona tare da mu ba, wai don takardar ta yi kwarjini. Ta ina ya kamata mu fara, yaya ake raba aiki da kuɗi tsakanin makarantu daban-daban, kuma shin wannan shawara da aka ba ni tana kan hanya?

Daga wata malama a Jos

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika zaɓi matsalar da ke ci wa manoma tuwo a ƙwarya, domin Jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin turawan da ake ci a Nijeriya, kuma duk shekarar da cutar nan ta yi ƙarfi, ana jin raɗaɗinta tun daga gona har kasuwannin da ke nesa da jihar.

Yana da kyau a fara da sanin inda kuɗin yake fitowa, domin shi ne ke bayyana irin tambayoyin da za a yi muku. An kafa TETFund da dokar 2011, wadda ta maye gurbin dokar harajin ilimi ta 1993, kuma tushen kuɗinsa haraji ne da aka ɗora a kan ribar kamfanoni, wanda ya daɗe yana kashi 2 cikin 100 kafin a ɗaga shi zuwa kashi biyu da rabi, sannan zuwa kashi 3 a 2023. Manyan makarantun gwamnati ne kawai ke cin gajiyarsa, wato jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi. Yana da ƙananan tallafi da ake bayarwa ta hannun kowace makaranta, wanda malamai suka sani da IBR, kuma ya yi shekaru da dama iyakarsa tana naira miliyan 2. Sai kuma babban asusun bincike na ƙasa, wato NRF, inda aiki guda kan iya samun abin da ya kusa naira miliyan 50, kuma ana karkasa buƙatun gida uku: kimiyya da injiniyanci da ƙirƙira, sai ilimin zamantakewa da al'adu, sai kuma binciken da ya ratsa fannoni da yawa. A nan ake fara aika taƙaitaccen bayani, wanda ya tsallake a nemi ya kawo cikakkiyar takarda, sannan a gayyaci jagoran binciken ya kare ta a gaban kwamiti. Tun da dukiyar jama'a ce, abin da masu tantancewa ke nema tun daga shafin farko shi ne amfanin da jama'a za su gani a ƙarshen aikin.

Game da shawarar abokan aikinki kuwa, ban goyi bayanta ba ko kaɗan, kuma ina da dalilai. Masu tantancewa malamai ne irinku, sun san fannin da kowane farfesa ya yi suna a kai, kuma idan suka ga sunan wanda bai taɓa rubuta komai a kan cututtukan tsirrai ba yana jagorantar binciken dankali, nan take zuciyarsu za ta raya musu cewa aron suna aka yi. Ko da takardar ta wuce, jagora ne zai tsaya a gaban kwamiti, kuma wanda bai zauna an tsara aikin da shi ba zai rikice da zarar an tambaye shi dalilin zaɓar gonaki kaza maimakon kaza. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, jagora ne ke sa hannu a kan fitar kuɗi, shi ne kuma zai ba da bahasinsu, don haka duk ranar da ya yi tafiya ko ya shagala da wasu ayyuka, aikinki ya tsaya cik alhali damina ba ta jiran kowa. Sanarwar kowace shekara tana fayyace matakin da jagora ya kamata ya kai. Idan kin cika sharaɗin, ki jagoranci aikinki da kanki. Idan ba ki cika ba, ki nemi babban malami wanda fanninsa ne, ki kai masa tsarin cikin ladabi, ki faɗa masa ƙarara irin lokacin da aikin zai ci masa, ki kuma bar shi ya gyara abin da ya ga dama ya gyara, domin ta haka ne zai ɗauki aikin a matsayin nasa. Irin wannan dattijo alheri ne babba ga ƙungiya, musamman wajen buɗe ƙofofin da ƙaramin malami zai daɗe yana ƙwanƙwasawa.

Inda za ku fara shi ne zama wuri guda, ku ukun, kafin a rubuta ko da layi ɗaya. Yawancin takardun haɗin gwiwa da ke faɗuwa mutum ɗaya ne ya rubuta su a ɗakinsa, sannan ya bi abokai ta waya yana karɓar tarihin aikinsu dab da rufe karɓar buƙatu, ko kuma kowa ya rubuto nasa yanki aka ɗinke su ba tare da sun san juna ba. Mai karatu yana gane haka cikin sauƙi: manufofin da ke shafi na biyu ba su haɗu da hanyar binciken da ke shafi na shida ba, kasafin kuɗin kuma yana maganar wani aiki daban. Binciken haɗin gwiwa tamkar gayya yake, kowa da fartanyarsa zai zo, kuma gona guda za a nome. Saboda haka a zamanku na farko ku yarda a kan tambaya guda wadda babu ɗayanku da zai iya amsa ta shi kaɗai. Alal misali, kada ku tsaya a kan cewa za ku yi nazarin cutar dankali a Filato, domin wannan fage ne mai faɗi. Ku tambayi wane haɗin matakai ne, tsakanin irin da ke jure cutar da lokacin shuka da yawan feshi da yadda ake ajiyar iri, zai rage asara a farashin da ƙaramin manomi zai iya biya. A cikin wannan tambaya akwai gurbinki a matsayin mai gano cutar da auna ƙarfinta, akwai gurbin malamin tattalin arziki wanda zai lissafa ko kuɗin maganin feshi ya fi ribar da aka tsirar, akwai kuma gurbin injiniya wanda zai duba ɗakin ajiyar iri, tun da cutar kan laɓe a cikin dankalin da aka ajiye ta koma gona a shuka mai zuwa.

Ina ba ku shawarar ku ƙara da mutanen da ke kusa da ku waɗanda suka daɗe a harkar. Akwai tashar binciken dankali a Kuru, ƙarƙashin cibiyar binciken saiwoyin abinci ta ƙasa da ke Umudike, akwai malaman gona na shirin bunƙasa noma na jiha, akwai kuma hukumar NiMet mai bayanan ruwan sama da sanyi, waɗanda aikinku ke matuƙar buƙata tun da cutar a lokacin sanyi da hazo da yawan ruwa take bunƙasa. Wasiƙar amincewa daga irin waɗannan wurare, mai faɗin takamaiman abin da za su bayar, kamar fili ko iri ko ma'aikaci, ta fi wasiƙar fatan alheri daraja nesa ba kusa ba. Manoman su ma a je a zauna da su tun yanzu. Manomin da ya ga gonarsa kore shar ranar Litinin, ya dawo ƙarshen mako ya tarar ganyen ya yi baƙi yana wari, ya san abubuwa game da saurin cutar da wuraren da take fara kamawa waɗanda za su gyara muku tsarin ɗaukar samfuri.

Sai maganar da mutane ke jin nauyin yi, wadda kuma ita ce ke raba zumunci idan aka bar ta sai kuɗi ya shigo. Kuɗin tallafi yana shiga ta hannun makarantar jagora, kashi-kashi, kuma ba a sakin kashi na gaba sai an kawo rahoton aiki da bahasin abin da aka kashe. Ma'anar wannan ita ce rasit guda da injiniyanku ya kasa kawowa yana iya tsayar da aikin kowa. Don haka ku rubuta yarjejeniya tun kafin ku aika da takardar, hukumomin makarantunku su sa mata hannu. A ciki a faɗi aikin kowa da lokacin da zai kammala shi, da kason kowace makaranta da hanyar da zai isa gare ta, da wurin da na'urorin da aka saya za su zauna bayan an gama, da wanda ke riƙe da bayanan da aka tattara, da ƙa'idar jera sunaye a maƙalun da za a buga, har da haƙƙin ɗaliban digiri na biyu da na uku da za su yi wahalar gona. Idan akwai yiwuwar injiniyan ya ƙera wani sabon ɗakin ajiya da za a iya sayarwa, a yi maganar mallakar fasahar tun yanzu, kuma hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa masu bincike wajen yi wa ƙirƙirarsu rajista. Na san a al'adarmu ana ganin neman a rubuta irin wannan tsakanin abokai kamar rashin yarda ne, amma rubutun shi ne ke kare mutuncin ƙarami a cikin tafiyar, wanda ba zai iya ɗaga murya daga baya ba.

Kasafin kuɗi kuwa daga jadawalin aiki ake fitar da shi. Kada ku ɗauki iyakar da sanarwa ta faɗa ku shiga neman abubuwan da za su cike ta. Kowane layi ya zama yana da aikin da ya haife shi: tafiya nawa zuwa Bokkos, mutum nawa, kwana nawa, samfuri nawa za a gwada, kuma nawa ne kuɗin sinadaran kowane gwaji bisa takardar farashin da dillali ya bayar. Tun bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, kuɗin sufuri da na kayan da ake shigowa da su daga waje sun sauya ƙwarai, don haka farashin bara ba abin dogaro ba ne. Ku kai daftarin ofishin ma'ajin makaranta da ofishin kula da bincike da wuri, domin manyan sayayya sai sun bi dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kuma wannan yana cin lokaci. Jadawalinku kuma ya bi kalandar noma. Ana shuka dankalin damina ne da faɗuwar ruwan farko, cutar kuma tana tsananta idan ruwa ya kankama, don haka idan kashin farko ya fito bayan an yi girbi, kun rasa shekara guda a gona. Ku nuna a takardar ayyukan da za ku yi da rani, kamar tattaunawa da manoma da gwajin ɗakin ajiya, domin kwamiti ya ga kun yi tanadin jinkiri.

Kafin ku aika, ku ba wani malami da ba na fanninku ba ya karanta taƙaitaccen bayanin, ya faɗa muku da bakinsa abin da ya fahimta za ku yi da wanda zai amfana. Idan ya yi kame-kame, da sauran gyara. Ki kuma ɗauko taƙaitaccen bayaninki na bara ki ɗora shi kusa da sanarwar da aka fitar a lokacin, ki bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa ƙetare adadin kalmomi ko shigar da buƙata a rukunin da ba nata ba shi ke kayar da aiki mai kyau tun kafin a duba ƙwaryarsa.

TAMBAYA

Malam, mu binciken da muke shiryawa tambayoyi kawai za mu yi wa mata masu juna biyu a asibitocin sha-ka-tafi na Kuje da Gwagwalada, babu allura babu ɗibar jini. Shin dole ne sai mun nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike?

Daga wani malami a Abuja

AMSA

Dole ne, Malam. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, waɗanda kwamitin NHREC da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke kula da su, sun shafi duk binciken lafiya da ake yi da mutane, ko da tambaya ce kawai, kuma kwamitin ɗa'a ne ke da hurumin cewa wani bincike ba ya buƙatar cikakken bita, ba mai binciken ba. Mace mai juna biyu da aka tare a layin awo tana iya zaton idan ta ƙi amsawa ba za a duba ta ba, saboda haka takardar neman yardarta ta fito fili ta ce tana da ikon ƙi ko janyewa ba tare da ta rasa komai ba, a kuma fassara ta zuwa harsunan da matan ke ji, kamar Hausa da Gbagyi, a karanta wa wadda ba ta iya karatu ba a gaban shaida. Ku bayyana yadda za ku ɓoye sunaye da wanda zai riƙe takardun amsoshi. Tun da asibitocin a Babban Birnin Tarayya suke, ku nemi izinin kwamitin ɗa'a na hukumar lafiyar birnin ban da na makarantarku, ku kuma sanar da shugabannin asibitocin a rubuce. Ku sa kuɗin rajista da na fassara a kasafinku, ku ware wa neman izinin watanninsa a farkon jadawali, kuma kada a yi wa ko mace ɗaya tambaya kafin takardar amincewa ta zo hannunku.