Mota na karkarwa da safe: filogi ne ko sansa?

Tambaya: Malam, Corolla ce da ni ta 2008. Da safe sai injin ya riƙa karkarwa a silo, tana shan mai, wutar gargaɗin inji kuma a kunne. Na canza filogi, ba sauƙi. Daga wani mai karatu a Bukuru, Jos.

Amsa: Malam, daina sayen kaya da ka. A fara jona na'urar OBD2, wadda ke karanta matsalar da kwamfutar mota ta gano, a ƙarƙashin sitiyari a karanta lambar matsalar. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ɗaya ba ta ƙona mai daidai. A ɗauke kwayil ɗinta, wato abin da ke ba filogi wuta, a mayar kan wata silindar. In lambar ta bi shi, kwayil ne ya mutu.

In P0171 ta fito, iska ta rinjayi mai. A duba tiyon da ya tsage, sannan sansar MAF mai auna iskar da ke shiga inji, da ke bayan matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke lulluɓewa. A fesa mata maganin wanke MAF kawai, a bari ta bushe. Kada a sa fetur, kada a taɓa siririn wayarta.

Abin da ya fi damuna a Jos shi ne cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Ga sanyi, injin ba ya kaiwa wajen digiri 90, sai kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai har filogi su yi baƙi. A mayar da shi, a gwada sansar zafin ruwa.

In wutar gargaɗin inji na ƙyaftawa, faka motar. Ɗanyen man da bai ƙone ba na lalata katalis, matatar hayaƙi da ke cikin salansa.