Filin Tambaya da Amsa: Shin Sarƙar Lu'ulu'u Tana Ƙara wa Mace Shekaru?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 47, ina aikin ofis, kuma ina da 'ya'ya uku. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta bar mini farar sarƙar lu'ulu'u mai layi ɗaya, tare da 'yan kunnenta da abin hannu da zobe, dukkansu iri ɗaya. Shekara huɗu suna ajiye a akwati ban taɓa su ba. Kwanan baya na saka su gaba ɗaya zan tafi aiki, sai babbar 'yata ta dube ni ta ce na koma sak kakarta a tsohon hoto. Na san ba da wata manufa ta faɗa ba, amma maganar ta tsaya mini a rai har na cire su na mayar. Shin lu'ulu'u ya daina yayi ne? Macen da ta kai shekaruna za ta iya saka shi yau da kullum ba tare da ya tsufar da ita ba? Idan kuma zai yiwu, yawan sakawa ba zai lalata shi ba?

Daga wata mai bibiyar wannan fili

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta. Ki fito da kayan nan daga akwati, domin lu'ulu'u bai daina yayi ba, kuma a ganina shekarun da kike ciki suna daga cikin shekarun da ya fi karɓar mace. Sai dai 'yarki ba ta yi ƙarya ba. Abin da idonta ya gani gaskiya ne, amma laifin yana ga yadda kika haɗa kayan huɗu a jiki lokaci guda, kuma zan yi miki bayanin dalili.

Da yake Hausa tana kiran duwatsu masu daraja da yawa da sunan lu'ulu'u, har da daimon, ya kamata sauran masu karatu su san cewa wanda muke magana a kai shi ne farin ƙwayar nan mai sheƙi da ake samu a cikin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, wanda aka ambata tare da murjani a aya ta 22 ta Suratur Rahman. Idan wani baƙon abu ya shige jikin halittar, sai ta riƙa lulluɓe shi da siraran shimfiɗu na sinadarin kalsiyam kabonet, ɗaya bisa ɗaya, tana manne su da wani irin furotin, har ƙwaya ta haɗu. Haske yana ratsa waɗannan shimfiɗu ya dawo, shi ya sa sheƙinsa yake da taushi, kamar daga ciki yake fitowa. Wannan ƙira tasa ce ta ba shi kyau, ita ce kuma ta sa yake da rauni, don haka ki riƙe ta a zuciya, za mu dawo kanta.

Tunanin cewa lu'ulu'u adon tsofaffi ne bai daɗe a duniya ba. Har farkon ƙarni na 20, sai masu ninƙaya sun nutse ƙarƙashin teku, musamman a gaɓar Bahrain da maƙwabtanta, sun buɗe ɓawo bila adadin kafin a dace da ƙwaya ɗaya mai kyau, saboda haka sarƙa guda takan kai darajar gida. Wannan ba zuguguwa ba ce: a shekarar 1917 kamfanin Cartier mai sayar da kayan ado ya mallaki katafaren gininsa da ke titin Fifth Avenue a birnin New York ta hanyar musaya da sarƙar lu'ulu'u mai layi biyu da aka ƙiyasta kuɗinta dala miliyan ɗaya, tare da cikon dala 100. Amma tun a 1893 wani ɗan Japan mai suna Kokichi Mikimoto ya fara samun nasarar kiwon lu'ulu'u, wato a dasa wa halittar abin da za ta lulluɓe da gangan, kuma zuwa shekarun 1920 ƙwayoyin kiwo masu cikakken zagaye sun shiga kasuwannin London da Paris. Farashi ya faɗi warwas, har ita wannan sarƙa ta Cartier da aka yi gwanjonta a 1957 ba ta kai dala dubu 200 ba. Daga nan sai abin da a da sarakuna da attajirai kaɗai ke iya mallaka ya zama na kowace mace mai rufin asiri, kuma a shekarun 1950 aka tsayar masa da siffa guda: farar gajeruwar sarƙa, 'yan kunne irinta, da tufafi masu tsari na zuwa muhimmin taro. Matan da suka fara saka shi a haka suna 'yan mata sun ci gaba da saka shi a haka har suka yi furfura. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta shafe shekaru da dama kusan kullum da sarƙa mai layi uku a wuyanta, haka ma Barbara Bush, uwargidan tsohon shugaban Amurka. Hotunan irin waɗannan mata ne suka zauna a idon duniya, kuma irin wannan hoto ne 'yarki ta tuna da ta gan ki da cikakken saiti.

Akwai wani salon kuma da ya girmi wannan, wanda bai taɓa tsufa ba. Tun a shekarun 1920 da 1930 Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafi ta Faransa, take rataya dogayen sarƙoƙi, na gaske da na kwaikwayo a gauraye, a kan sassauƙan tufafin yini. A zamaninmu Kamala Harris tana da shekara 56 ta sha rantsuwar zama mataimakiyar shugaban Amurka a watan Janairun 2021 da lu'ulu'u a wuya, kuma an sha ganinta da shi tare da takalmin Converse na yawo. A 'yan shekarun nan ma matasa, har da samari, sun rungume shi. Ina kawo waɗannan sunaye ne don ki ga cewa ƙwayar ɗaya ce, yadda ake saka ta ne ya bambanta, ba don ki kwaikwayi kowa ba.

Dalilin da ya sa na ce shekarunki ne suka fi dacewa da shi yana da alaƙa da haske. Duwatsu masu ƙyalli suna harba haske mai kaifi wanda ke janye ido daga fuska ya kai shi kan dutsen, alhali lu'ulu'u yana mayar da haske mai laushi a kusa da kumatu da haɓa, sai fuskar ta ƙara fitowa. Mace mai shekara 40 zuwa 60 ta riga ta san abin da ya karɓe ta, ba ta kuma neman adon da zai yi mata shela, kuma a kan fata mai duhu farinsa yana fita ƙwarai da gaske. Ni dai duk lokacin da na ga mace mai irin shekarunki da ƙwaya ɗaya a kowane kunne, fuskarta nake fara gani kafin in lura da 'yan kunnen, kuma wannan shi ne abin da nake so ado ya yi wa mai shi. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Shawarata ta farko ita ce ki raba saitin nan, kowane ɗaya ya fita shi kaɗai. 'Yan kunnen su ne na yau da kullum, kuma idan ƙwayarsu tana tsakanin milimita 7 zuwa 9, to girmansu ya isa a gan su daga nesa ba tare da sun yi nauyi ba. Ranar da kika saka sarƙar kuwa, ki bar 'yan kunnen lu'ulu'un a gida, ki saka na zinariya ko na azurfa marasa ado. Ki haɗa ta da tufafi masu sauƙi, kamar riga mai launi ɗaya mai duhu ko farar rigar auduga, domin idan tufafin sun cika tsari da ƙawa, sarƙar tana mayar da mace cikin wancan tsohon hoto. Kina iya ƙara mata siririyar sarƙar zinariya da ta ɗan fi ta tsawo, su kwanta tare. Tsawo ma yana da tasiri sosai. Sarƙar da ta shaƙe wuya, mai santimita 35 zuwa 40, tana jawo ido daidai inda fata ke fara nuna shekaru, amma wadda ta kai santimita 45 zuwa 60 tana sauka ƙasa ta sa wuya ya yi kamar ya ƙara tsawo. Idan kuma yawancin tufafinki masu rufe wuya ne, doguwa mai santimita 70 zuwa 90 wadda za ta kwanta a kan rigar ita ce za ta yi miki amfani, ko kuma ki mayar da hankali kan abin hannun.

Zoben ne kaɗai ba zan ba ki shawarar sakawa kullum ba, kuma a nan muka dawo kan raunin da na ambata. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daimon yana mataki na 10, lu'ulu'u kuwa yana tsakanin 2.5 da 4.5, ƙasa da ƙwayar yashi da ke cikin ƙura wadda take mataki na 7. Hannu yana bugun tebur da ƙofa da makulli, yana shiga ruwa da sabulu sau da yawa a yini, kuma duk ƙarzanen da ya samu ƙwayar ba ya gogewa. Ki ajiye zoben sai ranar taro. Abin hannun ma ki cire shi idan za ki daɗe kina aiki da kwamfuta, saboda gogar bakin tebur.

Babban abokin gabarsa shi ne duk wani abu mai tsami ko mai kaifin sinadari, domin tsami yana narkar da kalsiyam kabonet. Turare, man shafawa, feshin gashi, ruwan wanke kaya mai bilic, ruwan wurin ninƙaya mai kulorin, har da gumin da ya bushe a kansa, duk suna dusashe sheƙinsa a hankali, kuma idan ya dusashe ba ya dawowa. Saboda haka ki gama shafa da fesa turare, ki jira su bushe, sannan ki saka shi a ƙarshe, idan kin dawo gida kuma shi ne farkon abin da za ki cire. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi mai ɗan danshi, ki shimfiɗa shi a kwance cikin jakar yadi shi kaɗai, nesa da sauran sarƙoƙi da za su ƙarce shi. Kada ki rataye shi, domin zaren yana miƙewa, kada kuma ki ƙulle shi a leda ko wuri mai tsananin bushewa. Akwai ɗan ruwa a cikin ƙwayar, kuma doguwar ajiya a busasshen wuri tana iya sa ta koma rawaya ko ta tsattsage, alhali danshin iska da na fata yana taimaka mata. Ke nan shekara huɗun da sarƙar ta yi a rufe ba gata aka yi mata ba.

Idan wata rana kika so ƙarin wanda za ki saka ba tare da fargaba ba, ki duba lu'ulu'un ruwan daɗi, wato wanda ake kiwo a ruwan da ba na gishiri ba, wanda yawancinsa daga ƙasar Sin yake fitowa. Da yawa daga cikinsa kusan dukkan ƙwayar shimfiɗun sheƙi ce har ciki, saɓanin nau'in Akoya na Japan wanda ke da ɗan dunƙulen ɓawo a tsakiya da siririn rufi a kai, don haka ya fi jure yawan sakawa. Akwai kuma wanda ake kira barok, mai siffa ba daidai ba, kowace ƙwaya da kamanninta, wanda ko kaɗan ba ya tuna wa mutum tsohon hoto. Na Tahiti mai duhu ne, na tekun Ostireliya da Filifin da Indonesiya kuma manya ne, farare ko masu ruwan zinariya, amma tsadarsu ta sa ba kowa ke son yawo da su kullum ba.

Kina iya gwada na mahaifiyarki ta hanyar goga ƙwaya biyu da juna a hankali: na gaske yana da ɗan kaushi kamar lallausan yashi, na gilashi ko roba kuwa santsi ne zalla, kuma sau da yawa za ki ga fentinsa yana ɓarewa a bakin hudar zare. Ko da ya kasance na kwaikwayo ne, ki saka abinki, domin sarƙar Barbara Bush da duniya ta santa da ita ma ta kwaikwayo ce, kuma taki wuyan mahaifiyarki ta taɓa.

Kafin ki fara fita da sarƙar, ki kai ta wurin masu gyaran kayan ado a sake mata zare. Zaren siliki yana ruɓewa da shekaru ko da ba a saka shi, kuma wanda ake sakawa a kai a kai yana son sabuntawa duk bayan shekara ɗaya ko biyu. Ki ce a yi ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da 'yar'uwarta, don kada su riƙa gogar juna, kuma idan zaren ya tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. A wannan lokacin ne za ki iya neman a ƙara mata tsawo da ƙwayoyin abin hannun idan ta yi miki gajarta, ko a canza ƙugiyar baya da wadda ta fi sauƙin buɗewa. Ki ƙirga ƙwayoyin a gaban mai gyaran kafin ki miƙa masa, ki kuma ɗauki hotonsu da wayarki.