Takobin Fili da Takobin Fagen Fama: Amsa ga Wani Matashin Aboabo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Wata uku ke nan ina koyon wasan takobi daga bidiyon 'yan Sin a waya, har na iya wulwula shi ta bayana, na iya juyi da tsalle. Ran nan na gwada wa kakana, wanda yake ajiye da tsohon takobin mahaifinsa, sai ya ce wannan rawa ce, ba a yaƙi da ita. Abin ya sosa mini rai. Gaskiyarsa ce? In haka ne, mene ne amfanin abin da nake koya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoho ya faɗi gaskiya, sai dai kada ka ji kalmar rawa ka ɗauke ta zagi. Sana'o'i biyu ne da suka yi tarayya a ƙarfe ɗaya, kuma abin da ya raba su shi ne wanda ake yi domin idonsa.

Mai wasan fili da 'yan kallo yake magana. Yana son wanda ke can bayan taro ma ya ga sara tun daga inda ya taso har inda ya sauka, don haka sai ya buɗe hannu, ya faɗaɗa da'ira, ya ƙara juyi. Mai faɗa kuwa burinsa kada abokin karawarsa ya ga komai sai abu ya riga ya same shi. Duk motsin da ya isa ya burge mai kallo, to ya isa ya sanar da maƙiyi abin da ke tafe.

Mu ɗauki abubuwa ukun da ka ambata. In ka yi juyi, ka ba mutum ƙeyarka, idonka ya rabu da hannunsa, kuma wannan ɗan lokacin ya ishe shi taku ɗaya da sara ɗaya. In ka yi tsalle, ƙafarka ta bar ƙasa, babu sauran kaucewa ko ja da baya har sai ka dira, shi kuwa ya san inda za ka dira. Wulwulawa ta fi su haɗari. Ba ta yiwuwa sai ka sassauta riƙo, takobin ya koma kan yatsu biyu ko uku, ga shi kuma ya bar tsakaninka da shi ya tafi yawo bayanka. A bugi ruwan takobin sau ɗaya a wannan hali, sai dai ka tsince shi a ƙasa.

To me masu yi don fama suke koya? Abubuwa ne marasa daɗin kallo. Na farko tazara: ka san daidai inda tsininka yake kaiwa da inda nasa yake kaiwa, ka zauna a bakin wannan iyaka, rabin taku ciki, rabin taku waje. Sai lokaci, wato ka sara a sa'ad da ya ɗaga ƙafa ko ya janye hannu, lokacin da ba shi da damar canza shawara. Galibi ma ba kan mutum ake fara nema ba. Hannu da wuyan hannu su ne suka fi kusa, kuma wanda aka yanke wa jijiyar hannu faɗansa ya ƙare.

Na uku shi ne wanda nake son ka tsaya a kansa, daidaita kaifi. Ka je kasuwar Kejetia ka tsaya wurin mai sayar da kwakwa. Dubi yadda addarsa take sauka: gajeren sara, daga gwiwar hannu da wuyan hannu, kaifin yana bin layin da saran ya ɗauko ba tare da ya karkata ba. Ba ya ɗaga adda sama da kansa, ba ya ɓarnar ƙarfi. In kaifi ya ɗan kwanta ko kaɗan, ƙarfen zai zame ko ya yi tsalle ya dawo. Wannan mutumin, da manomin da ke sare kututturen ayaba, sun fi mai wulwula takobi a iska kusa da mayaƙan da, domin su abu suke sara, abin kuma yana ba su amsa nan take. Iska ba ta gaya maka ka yi kuskure.

Abin da kake gani a waya mai yiwuwa wushu ne na gasa, wanda aka tsara shi a matsayin wasan motsa jiki a ƙasar Sin bayan 1949, aka kafa masa hukumar duniya a 1990. Alƙalai ne ke ba da maki a kan kyawun tsayuwa, tsaftar motsi da wuyar tsallen da mutum ya yi. Takobinsu ma don haka aka ƙera shi: siriri, mara nauyi, mai lanƙwasa, yana kaɗawa yana ƙara in an miƙa shi da ƙarfi. Su kansu Sinawa sun daɗe da wannan gardamar taka da kakanka. A 1560 wani janar nasu, Qi Jiguang, wanda ya yaƙi 'yan fashin teku a gaɓar ƙasarsu, ya rubuta littafin horar da soja inda ya soki salon ado da ake yi don burge jama'a, ya hana sojojinsa ɓata lokaci a kansa.

Yanzu ka roƙi tsoho ya zaro nasa daga kube ka duba. In irin namu ne na Hausa da Buzaye, za ka ga miƙaƙƙe ne mai baki biyu, tsawonsa kusan mita ɗaya, da kwarmi a tsakiyar ruwansa don rage nauyi, bakinsa na gaba kuma sau da yawa a zagaye yake maimakon tsini. Wasu suna ɗauke da tambarin jinjirin wata biyu, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ruwan takubban nan daga Turai suka ƙetaro Sahara, irin na garin Solingen a Jamus, maƙeranmu suka yi musu mariƙi da kube. Wannan siffa tana gaya maka aikinsa: sara, musamman daga kan doki. Ka lura kuma abin da ke tsare hannu ɗan ƙarami ne, domin ba takobi kaɗai ke kare mai shi ba. Akwai garkuwa, akwai sulke, akwai lifidi. Barde da mashi yake fara shiga, dakaru da kwari da baka, takobi sai an gwamutse. A hannu ake gadon wannan ilimi, daga barde zuwa yaronsa, kuma bayan bindiga mai ruwa ta yi aikinta a Kano da Sakkwato a 1903, fagensa ya rufe. Abin da ya rage shi ne jahi a hawan sallah, mahaya su sako dawakai a guje su ja linzami gaban sarki da makami a sama.

Nan garin ma muna da darasi a kusa. Ka je fadar Manhyia ranar bikin Akwasidae, wadda ke zagayowa duk bayan mako shida, ka ga masu riƙe da takubban Sarkin Asante: mariƙi mai dunƙule biyu an lulluɓe shi da zinariya, wasu ruwan nasu ma an huda shi da zane. Tonawa, wato mutanen Asante, da bindiga suka yi yaƙe-yaƙensu. Waɗannan takubba na rantsuwa ne da kai saƙo da nuna mulki, kuma babu mai hankalin da zai ce ba su da daraja don ba a sara da su. Haka rawar takobi ta Saudiyya da ake kira arda. Ni ban taɓa raina wasan fili ba. Yana gina ƙafa, yana buɗe gaɓoɓi, yana koya wa jiki tsari, kuma wanda ya ƙware a kansa ya sha wuya kafin ya kai nan.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yaron da aka bari yana yi wa rogo kallon kitse, yana zaton tsarin da ya haddace zai cece shi ranar da wani ya zaro wuƙa a lungu. A wannan rana ƙafarka ce makaminka, ka gudu. Ka kuma sani dokar laifuka ta Ghana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba tare da izini ko ƙwaƙƙwaran dalili ba.

In kana son ɗanɗana ɗaya ɓangaren, sai ka nemi abokin karawa wanda ba ka san abin da zai yi ba. Ku samo sanda mara nauyi ku naɗe ta da soso, ku sa hular kwano mai rufe fuska da safar hannu mai kauri, ku fara a hankali ƙarƙashin idon wanda ya iya. Ka gwada juyin nan naka sau goma ka ƙirga sau nawa sanda ta same ka a baya. Ko wannan ma kwatanci ne kawai. A wasan takobi na Olamfik, a nau'in da ake kira epe, in mutum biyu suka soki juna lokaci guda kowa maki yake samu, alhali da ƙarfe mai kaifi ne gawa biyu za a ɗauka.

Kada ka yi atisaye da takubban ado na kasuwa. Ƙarfen da ya shiga cikin mariƙinsu siriri ne, sau da yawa walda aka yi masa, yana iya karyewa ruwan ya yi tsalle ya sami na kusa da kai. Na tsoho kuwa kada ka sara komai da shi, kada kuma ka kai shi wurin mai injin wasa wuƙa a cinye masa tambari. Damshin Kumasi ba ya barin ƙarfe, don haka ka goge shi da busasshen tsumma, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan, ka riƙa zaro shi daga kube lokaci lokaci kana dubawa. Ranar da za ka yi wannan, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi daga wane gari takobin ya taso, da yadda mahaifinsa yake rataya hamilarsa.